Tebur mai lokaci ko ci sanda ka so a jirgin ruwa? Ku ba ni shawara

Maman Biyu: Salam 'yan zaure. Ejan ya turo min fom na tafiyar nan ta jirgin ruwa, kwana 7 a Bahar Rum, wai in zaɓi yadda za mu riƙa cin abincin dare. Akwai mai tsayayyen lokaci, ko ƙarfe 6 ko 8 da rabi, tebur ɗaya har a sauka, akwai kuma wanda kowa ke zuwa sanda ya ga dama. Mu 7 ne har da Hajiyarmu da yara biyu. Waɗanda suka taɓa zuwa dan Allah wanne ya fi? Gobe yake so in mayar masa.

Ɗan Auta: Sanda kika ga dama mana Anti. Hutu za ki ko makarantar kwana, da za a riƙa kaɗa miki ƙararrawar cin abinci?

Uwargida: Wa'alaikumus salam. Wane kamfani ne? Don kowa da sunan da ya laƙaba wa abin. Royal Caribbean na ce masa My Time Dining, Carnival kuma Your Time Dining, amma duk kanwar ja ce.

Baban Yara: Maman Biyu kar ki saurari Ɗan Auta, shi kaɗai yake tafiya da jakar goyo, ko'ina aka tsugunar da shi ya ci ya tashi. Bari in ba ki labarin abin da ya same mu, ba zan faɗi sunan kamfanin ba don ba su kaɗai ba ne. Mu 8 muka je, na zaɓi wannan na ganin dama ɗin don ni ma irin tunanin da na yi ke nan, wa zai ɗaure ni da agogo a cikin hutu. Daren farko muka sauko wajen 7 da kwata, ashe duk wanda ya zaɓi ganin dama lokacin nan yake ganin damarsa, layi tun daga ƙofar ɗakin cin abinci har ya kusa kai wa wajen lifta. Muka kai gaba aka tambaye mu ko mun kama tebur a manhaja, na ce a'a ai an ce sanda muka so, matar ta yi murmushi ta miƙo min wata 'yar na'ura ta ce idan ta yi ƙugi mu dawo. Masu zuwa su biyu biyu suna ta wucewa a gabanmu don ƙananan tebura sun fi yawa kuma sun fi saurin tashi, mu kuwa sai an jira babban tebur ya zama fanko. Kusan minti 50 muna tsaye, ƙaramin ya yi kuka har ya yi barci a kafaɗata, ƙarshe aka ce ko mu yarda a raba mu gida biyu ko mu ƙara jira. Haka muka ci, uwar yara a can, ni a nan, muna ɗaga wa juna hannu kamar baƙi.

Baban Yara: Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar 'yata jikinta ba ya ɗaukar gyaɗa, ko kaɗan ta ci sai fuska ta kumbura. Kullum sabon tebur, kullum sabon mai kawo abinci, kullum sai na sake bayani daga farko, shi kuma ya tafi kicin ya tambayo, ya dawo ya ce miyar nan ban da ita, ya sake komawa kan kayan zaƙi. Ba laifinsa ba ne, bai san mu ba. A dare na 3 na haƙura na je wajen shugaban ɗakin abincin na roƙe shi, ya sa mu a jerin masu jira, washegari aka samo mana tebur a zaman ƙarfe 8 da rabi. To daga nan ne na san na zo hutu. Mai kula da teburinmu tun daren yau zai kawo wa yarinyar jerin abincin gobe ta zaɓa, a dafa nata daban, kafin mu zauna ruwanmu da burodi na kan tebur, har ya gane cewa ni ba na son ƙanƙara. Ku 7 da tsohuwa da yara, ki kama tebur mai lokaci ki huta.

Ɗan Auta: Kai Yaya, littafi guda. Ai kai ne ba ka kama tebur a manhaja ba, laifin wa?

Baban Yara: To in sai na kama lokaci kullum, ina ganin damar yake?

Gimbiya: Hhhh wannan tambayar ta kashe bakin Auta.

Matafiyi: Ni dai akasin haka ya faru da ni. Zaman ƙarfe 6 na zaɓa kuma a kwana 7 sau 3 kacal na zauna a teburin. Bahar Rum kusan kullum kuna tasha ne, ba kamar tafiyar da ake yini a teku ba. Ranar Roma jirgi a Civitavecchia yake tsayawa, wajen kilomita 80 daga birnin, ka yini kana yawo a ƙafa, ka hau mota fiye da awa guda ka dawo, ka iso jirgi gab da 6 jiki duk ƙura, wa zai yi wanka ya sa kaya ya sauko cikin minti 15? Ranar Livorno ma haka in za ki Florence. Kuma a zama mai lokaci in kin makara sosai ba za su karɓe ki ba, don sai sun gyara ɗakin wa masu zama na biyu. Sai bufe, wajen da kowa ke ɗibar abinci da kansa.

Gimbiya: Bufe ai ba zagi ba ne. Ni can na tare, in ɗebi abin da idona ya gani in zauna bakin taga, ba mai tambayata ya abincin yake sau huɗu.

Uwargida: Gimbiya kin biya kuɗin ɗakin abinci a cikin tikiti kika bar musu, sun gode.

Maman Biyu: To yanzu kun ƙara rikita ni. 6 ya yi wuri, 8 da rabi kuma yaran sun yi barci, ga Hajiya na da suga ba ta jinkirin abinci.

Anti Nas: In dai mai suga ce kuma tana kan magani, lokaci ɗaya kullum ya fi mata, wannan ba sai an yi gardama ba. Ki zaɓi zaman farko, na ƙarfe 6. Ranar da kuka makara daga gari sai ku yi bufe, ba a cin tarar kowa don bai zo teburinsa ba, sai dai kyautatawa ce ki gaya wa mai kula da ku tun daren jiya kar ya yi ta jira. Kuma ki rubuta maganar sugar a fom ɗin tun yanzu, kar ki bari sai kun hau.

Matafiyi: Na farkon shi yake fara cika fa, masu yara da tsofaffi duk shi suke so. In ejan ya ce ya cika ki ce ya sa ku a jerin jira, ranar hawa kuma ki nufi ɗakin abinci da rana, shugaban wajen yakan zauna sauraron masu son canji.

Kawu: Ku yaran nan ba ku san daɗin abin ba. Da can babu wani zaɓi, kowa da teburinsa da lambarsa a jikin kati, a haɗa ka da mutanen da ba ka taɓa gani ba ku yi sati kuna ci tare har ku saba. Kamfanin Norwegian ne suka ɓallo wannan ruwa a shekarar 2000 da abin da suka kira Freestyle, ba lokaci ba tebur ba dolen sa kwat, sauran suka ga kasuwa na tafiya can suka bi sahu.

Ɗan Auta: Allah Ya saka wa Norwegian da alheri. Kawu ni an taɓa haɗa ni tebur da wani dattijo, dare 7 labarin aikin gwiwarsa nake sha, har hoton ɗinkin ya nuna min ina cikin cin nama.

Kawu: Da ka nemi canjin tebur, ana yi. Kuma kai ma wata rana gwiwar za ta same ka.

Gimbiya: Kawu ba baki ba dai ko 😂

Uwargida: Ku 7 ba za a haɗa ku da kowa ba ma in kin nema, tebur mai cin mutum 8 za su ba ku. Wani abin da ba a faɗa ba, wasan dare na babban zaure yawanci sau biyu ake yi don ya dace da zama biyun nan, masu cin farko su kalli ɗaya masu cin ƙarshe su kalli ɗaya. Mai ganin dama da ya zauna 7 da rabi shi ne yake faɗawa tsakiya, ya rasa farkon wannan ko ya bar kayan zaƙi ya ruga.

Amarya: Mu jirgin Disney muka bi da yaran yayata, nasu tsarin daban ne. Ɗakunan abinci 3 ne kuna zagayawa, yau nan gobe can, amma masu kawo muku abincin suna bin ku duk inda kuka koma. Ni a ganina ya haɗa daɗin biyun.

Baban Yara: Ya haɗa da kuɗin biyun kuma.

Amarya: Ai ban ce da araha ba Yaya.

Ɗan Auta: Tambaya, in ban taɓa zuwa ɗakin abincin ba me ya sa ake cire min tukuici kullum a asusun ɗaki?

Anti Nas: Don ba na mutum ɗaya ba ne, raba shi ake yi har da mai gyara maka ɗaki da waɗanda ke kwashe farantanka a bufe. Kar ka je ka ce a cire, mutanen nan wata da watanni suke yi a teku ba su ga iyalinsu ba.

Ɗan Auta: Tambaya kawai na yi Anti, ban ce zan cire ba.

Kawu: Wanda bai iya ɗaura laktaye ba dama ina zai shiga ɗakin abinci daren ado.

Ɗan Auta: Kawu yanzu yawancin jiragen riga mai kwala da dogon wando ya wadatar, Cunard ne suka riƙe tsohon ado da gaske, can ya dace da kai.

Kawu: Can ɗin nake so dama.

Maman Biyu: Jama'a an bar maganata an koma laktaye. Na farko zan sa ke nan?

Matafiyi: Duba jadawalin tukuna, ƙarfe nawa jirgin ke barin kowace tasha. In yawanci 5 ko 6 ne to dole ma kuna ciki kafin abinci. In 7 ko 8 ne za ki yi ta asarar tebur.

Maman Biyu: Roma 7, Basalona 6, sauran bari in duba. Af, Hajiya ta ce in tambaya, ɗakin abincin yana girgiza? Ita jiri take tsoro.

Anti Nas: Yawanci a benayen ƙasa yake, ya fi bufe kwanciya don shi bufe can sama ne. Ki ce kar a ba ta kujerar da ke kallon ruwa kai tsaye in abin na damunta.

Gimbiya: A'a Anti, ni an ce min kallon nesa inda ruwa ya haɗu da sama shi ke rage jirin.

Anti Nas: Da rana ke nan. Da dare me za ta gani?