Ɗana ya turo min sunan wani fim, tun da na kalla na kasa barci

Uban Samari ya rubuta:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, musamman daga masu karance-karance da kallon fina-finai, don ta nan abin ya ɓullo min.

Babban ɗana shekararsa 17. Tun yana ƙarami fensir ba ya barin hannunsa, duk takardar da ya samu sai ya zana wani abu a bayanta, har takardun aikina ba su tsira ba. Ni kuwa likitanci na sa masa a gaba, ban taɓa ɓoye masa ba. Watan jiya muka yi sa-in-sa a kan fannin da zai nema a jami'a. Na ɗaga murya, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce "to". Bayan kwana uku sai ga saƙo a wayata, sunan fim kawai, Dead Poets Society, da ɗan rubutu a ƙasa: "Baba, don Allah ka kalla."

Na san fim ɗin. Na 1989 ne, wanda Robin Williams ya fito a malamin adabi a makarantar kwana ta maza. Ina saurayi na kalle shi, kuma a lokacin na tsani mahaifin Neil Perry tsana mai tsanani: yaro yana son wasan kwaikwayo, uba ya kafe sai likitanci. Wannan karon kuwa a kujerar uban na tsinci kaina. Da ya ce wa yaron yana da damar da shi bai taɓa mafarkin samu ba, sai da gabana ya faɗi, don maganar da na yi wa ɗana ke nan. Sai kuma wurin da ya tsare yaron ya ce ya faɗi abin da ke ransa, yaron ya buɗe baki, ya mayar ya rufe, ya ce babu komai. Wannan "babu komai" ɗin shi ne "to" ɗin ɗana. A daren ne yaron ya kashe kansa da bindigar uban.

Tambayata biyu ce. Me yaron nan yake son gaya min? Sannan shin akwai littafi ko fim da ya yi wa uba adalci, bai mayar da shi azzalumi ba? Tunda da labari ya zaɓi ya yi min magana, ina so in mayar masa da amsa da labari.

Uwar Biyu ta amsa:

Wa alaikumus salam. Yaya, kafin a je ga littafi, ka yi abin da ya fi gaggawa. Ka same shi shi kaɗai, ba a gaban ƙannensa ba, ka tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta cusa wa yaro tunanin da babu shi. Mai yiwuwa ba ƙarshen fim ɗin yake nuna maka ba, amma ba abin da za a bar wa zato ba ne. In ka ga ya daina cin abinci, ko barcinsa ya rikice, ko ya janye daga abokansa, ko ya ajiye zanen nan gaba ɗaya, ku ga likita. Allah ya raya mana su.

Malamar Adabi ta amsa:

Maganar Uwar Biyu ita ce ta farko, ina bayanta. Ni tambaya ta biyu zan taɓa.

Malam, ka karanta littattafan Chinua Achebe guda biyu a jere, Things Fall Apart na 1958 da No Longer at Ease na 1960. Yawancin mutane a na farkon suke tsayawa, sai su tafi da rabin labari. Okonkwo, jarumin littafi na farko, mai zafin hannu ne a kan ɗansa Nwoye, amma Achebe bai bar mu cikin duhu game da dalili ba. Mahaifin Okonkwo, Unoka, mai busa sarewa ne, bashi ya yi masa katutu, ya mutu ba shi da wani matsayi a gari. Duk rayuwar Okonkwo gudun kama da ubansa ce. Da ya ga Nwoye ya fi son tatsuniyoyin mahaifiyarsa a kan labaran yaƙi, ba yaron yake gani ba, Unoka yake gani ya dawo masa gida. Ya riƙa dukan yaro saboda laifin mamaci. Bayan an kashe Ikemefuna, wanda Nwoye ya ɗauka tamkar yayansa, kuma da hannun Okonkwo a ciki, zuciyar yaron ta bar gidan tun kafin ƙafarsa ta bi 'yan mishan.

To a littafi na biyu Nwoye ya girma, sunansa Isaac, yana da ɗa mai suna Obi da ya dawo daga karatu a Ingila. Obi ya kawo maganar auren Clara, wadda ta fito daga zuriyar da ake ƙyamar haɗa aure da su. Wa ya hana? Isaac ɗin nan, wanda ya bar gidan ubansa saboda abin da ya yi imani da shi. Duk shekarar da muka zo wannan wurin a aji, sai ɗalibaina su yi tsit. Shekarunsu ba su wuce na ɗanka ba, kuma a nan suke fara zargin cewa iyayensu ma sun taɓa zama 'ya'yan wani.

Dalilin da ya sa uba yake yawan fitowa da baƙin jini kuwa, a ganina, ɗan ne yake riƙe da alƙalami. Marubuci Franz Kafka yana da shekara 36 ya zauna a 1919 ya rubuta wa mahaifinsa doguwar wasiƙa yana bayyana tsoron da yake ji masa. Ya ba mahaifiyarsa ta miƙa, ba ta miƙa ba. Duniya ta karanta wasiƙar bayan mutuwarsu, wanda aka rubuta dominsa bai taɓa ganinta ba, balle mu ji amsarsa. Taka wasiƙar ta iso hannunka, Malam.

Ina da tambaya gare ka, ba sai ka amsa a nan ba: wane ne Unoka ɗinka?

Ɗan Aji Biyu ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma. Shekarata 19, bari in faɗi yadda abin yake daga ɓangarenmu. In na tura wa mahaifina fim, ba cewa nake yi shi mugu ne ba. Bakina ne ba ya iya furta maganar in yana kallona, ko da na kwana ina shirya ta.

Amma da girmamawa, ban goyi bayan ka mayar masa da wani fim ba. Zai ɗauka gardama ce ka ci gaba da ita ta wata hanya. In dai kallo ne, ku zauna tare ku kalli 3 Idiots na 2009. Ku lura da Farhan, mai son ɗaukar hoton namun daji, wanda aka tura karatun injiniya. Mahaifinsa ba azzalumi ba ne, mutum ne da ya sa na'urar sanyaya ɗaki a ɗakin ɗansa kaɗai don ya ji daɗin karatu, su kuma suka kwana cikin zafi. Farhan bai gudu ba, bai yi rashin kunya ba, ya je ya yi magana har uban ya ce a mayar da kwamfutar da ya saya masa a sayo kyamara. Na san a fim komai yana warwarewa cikin minti biyar, a gida ba haka ba ne. Amma shi ne kaɗai na gani inda ɗa ya gama maganarsa ba a katse shi ba.

Uban Samari ya sake rubutawa:

Na gode muku duka. Jiya da dare na yi masa tambayar Uwar Biyu. Ya zaro ido ya ce wallahi a'a, wurin da yaron ya kasa magana ne yake so in gani. Na yarda da shi, amma idona yana kansa.

Malama, tambayarki ta hana ni sukuni. Mahaifina mutum ne mai fasahar hannu ƙwarai, kowa yana yabon aikinsa, amma sau biyu ana koro ni daga makaranta saboda ba a biya kuɗi ba. Ban taɓa ba ɗana wannan labarin ba sai jiya. Bai ce komai ba, ya tashi ya ɗauko min wata jaka cike da zane-zanen da ban san da su ba. Akwai nawa a ciki, ina barci a kujera da tabarau a hanci.

Ban sauka daga maganar likitanci ba tukuna, ba zan yi muku ƙarya ba, tsoron yana nan daram. Saura mako biyu a rufe karɓar takardu. Mun yi da shi ranar Asabar zai kawo min bayanin makarantun da ke koyar da zane da irin aikin da ake samu bayan an gama, ni kuma na yi alkawarin ba zan buɗe baki ba sai ya kai aya.