Da gaske ɗan kutse zai iya ɗauke wa gari wuta daga nesa?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ana yawan cewa masu kutse sun taɓa jefa wani yanki na Yukiren cikin duhu ba tare da sun taka tasha ko ɗaya ba. Ta yaya, alhali makunnan suna cikin shinge, ga masu gadi?

Injiniyan Wuta:
Wa alaikumus salam malam. An yi, ranar 23 ga Disamba 2015, tsakiyar hunturu. Kamfanonin rarraba wuta uku aka buga, mutum kusan 225,000 masu mita suka rasa wuta, wasu awa ɗaya, wasu har shida.

Shingen bai hana komai ba domin ta ofis aka shiga. Watanni kafin ranar, an tura wa ma'aikata imel ɗauke da takardar Word ko Excel. Da mutum ya buɗe ya amince wa ƙananan umarnin da ke ɓoye cikinta, sai mugunyar manhaja mai suna BlackEnergy 3 ta zauna a kwamfutarsa. Daga nan masu kutsen suka yi lamo, suna tattara sunayen shiga da kalmomin sirri, har suka samu na hanyar VPN, ƙofar shiga daga nesa ta intanet, da ma'aikata ke bi su isa tsarin SCADA, wato kwamfutocin da ke buɗe da rufe makunnan tashoshi daga ɗakin kula. Hanyar nan kalmar sirri kaɗai take tambaya, babu lamba ta biyu. Nan ne aka yi babban sakaci. A kamfanin da ke Ivano-Frankivsk, a yammacin Yukiren, ma'aikaci na zaune yana kallon kibiyar linzami tana tafiya da kanta, tana latsa makunni bayan makunni, ya kasa tsayar da ita.

Hajiya Mai Tsaro:
Injiniya ya faɗi shigar, bari in ƙara abin da ya fi ban tsoro: sun tanadi hana gyara. Akwai ƙananan akwatuna a tashoshi da ke fassara umarnin kwamfuta zuwa ga tsofaffin na'urori. Sun shafe manhajar cikinsu suka sa gurɓatacciya, akwatunan suka mutu, sai dai a sauya sabbi. Suka saki wata mugunyar manhaja mai suna KillDisk ta goge kwamfutocin, suka kashe baturan ajiya na ɗakin kula, masu kula da wuta su ma suka zauna a duhu. Sannan suka cika layin wayar kamfanin da kiran bogi don kada mai ƙorafi ya samu shiga.

Injiniyan Wuta:
Haka ne Hajiya. Abin da ya ceci kamfanonin shi ne tashoshin ba su rasa sarrafawa da hannu ba. Injiniyoyi suka hau mota, suka bi tasha tasha suna mayar da makunnan da hannunsu. Duk kamfanin da ya mayar da komai kan kwamfuta ya bar ma'aikatansa suka manta wannan aikin, ranar da ta ɓaci zai daɗe a duhu. A Disamba 2016 an sake buga wata tasha a arewacin Kiyef da wata manhaja mai suna Industroyer, wadda ita ke magana da na'urorin kai tsaye. A 2020 Amurka ta tuhumi jami'ai shida na leƙen asirin sojan Rasha kan waɗannan hare-hare.

Hajiya Mai Tsaro:
Malam, in kana aiki a irin wannan wuri, fara da raba kwamfutocin ofis da na tasha, kada imel da makunni su haɗa hanya. Duk shiga daga waje a sa mata tabbaci na biyu, a toshe umarnin nan na cikin takardun da suka zo ta imel, a ajiye kwafin saitin kowace na'ura a faifan da ba ya jone da komai. Kuma a sa wanda zai riƙa duba tarihin shige da fice, domin watannin da masu kutsen suka yi suna yawo a ciki sun bar sawu, ba wanda ya duba ne.