Syncthing ɗina yana tsayawa da kansa, amma in na shiga dubawa sai in tarar yana aiki

Mai_Hoto_KN:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a taimaka min wlh abin nan ya kusa zautar da ni. Ina da ɗan shagon ɗaukar hoto da buga katin biki, na gaji da yawo da filasha tsakanin kwamfutar shago da laftof ɗina shi ne na samu 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 3 na ɗora masa Syncthing, manhajar da ke kwafe fayiloli tsakanin na'urori da kanta, na jona masa hard disk, duk hoton da yarona ya ajiye a shago sai ya biyo ni har laftof. Sati uku lafiya lau. Yanzu kuma haka kawai sai in ga an rubuta Disconnected, shafin sarrafa Syncthing ɗin na 8384 ma baya buɗewa, jiya wata amarya ta aiko a karɓi hotunanta na buɗe folda wayam ba komai, kunya kamar in nutse. Abin da ya fi ɗaure min kai, da zarar na shiga Pi ɗin daga laftof ta SSH (hanyar shiga na'ura daga nesa) zan duba sai in tarar yana aiki garau, in fita in kama wata sabga ya sake mutuwa. Kamar yaron da sai idon maigida na kansa yake aiki.

Injiniya_Sabo:
Wa alaikumus salam. Ni dai wuta nake zargi, da wace caja kake ba shi? Pi 3 yana son 5V 2.5A, in cajar waya ce ka saka kuma ga hard disk yana ja ta USB to dole ya riƙa suma. Buga vcgencmd get_throttled, in ya nuna 0x0 lafiya, in ka ga irin su 0x50005 to wutar bata isarsa.

Mai_Hoto_KN:
Injiniya na duba, 0x0 ne. Kuma uptime ya nuna Pi ɗin ya yi kwana 9 a kunne bai mutu ba, a kan inbata yake ko an ɗauke wuta baya ji.

Dan_Linux:
To ko RAM ne? 1GB kacal gare shi, in hotunan sun yi yawa lokacin scanning kernel, wato zuciyar Linux, zai iya kashe Syncthing ɗin. Gwada dmesg | grep -i oom ka gani. Ka kuma ƙara fs.inotify.max_user_watches (adadin foldojin da za a iya sa wa ido) zuwa 204800, ko ba shi bane matsalar zai maka amfani.

Malama_Hadiza_IT:
Ku ɗan dakata, ai shi da kansa ya faɗi amsar bai lura ba. RAM da caja basu san lokacin da mutum ya shiga SSH ba balle su gyaru don sun gan shi. Malam Mai Hoto tambaya biyu, da ka kunna Syncthing ɗin systemctl --user enable ka yi amfani da shi? Sannan me ka taɓa a na'urar kafin abin ya fara? In ka sake shiga buga systemctl --user status syncthing ka kalli layin Active, ina kyautata zaton zaka ga daƙiƙa biyar ko goma da tashinsa, wato shigarka ce ta tashe shi.

Mai_Hoto_KN:
Ikon Allah! Malama 7s ago ya rubuta. Eh da --user na yi, kuma yanzu na tuna na cire allon da ke jone da Pi ɗin na shiga raspi-config, wurin saitinsa, na mayar da shi console (rubutu zalla ba desktop) wai don in rage cin RAM, ashe ni na jawo wa kaina.

Malama_Hadiza_IT:
Yauwa shi ne. Da can yana shiga desktop da kansa da sunanka in ya tashi, kenan kullum akwai zamanka a buɗe, shi yasa sati ukun nan baka ga komai ba. Sabis na --user yana tashi ne in mai shi ya shiga, in zamansa na ƙarshe ya rufe systemd, mai kula da sabis-sabis a Linux, sai ya kwashe komai nasa, ba faɗuwa yake ba shi yasa log ɗin ma ba zaka ga kuskure ba. Buga sudo loginctl enable-linger sai sunan da kake shiga da shi, shi zai bar sabis ɗinka yana aiki ko baka ciki, shi kenan. Ko kuma ka kashe na --user ɗin gaba ɗaya ka kunna syncthing@sunanka.service, ni wannan na fi so a na'urar da ba mai zama gabanta, amma dan Allah kar ka bar biyun tare zasu yi ta rigima kan database ɗaya. Hard disk ɗin ma ka saka shi a fstab, fayil ɗin da ke sa a haɗa disk da kansa in na'ura ta tashi, tunda desktop ne yake haɗa maka shi da, in ba haka ba randa ya sake tashi zaka ga folder marker missing ka dawo nan kana kuka.

Mai_Hoto_KN:
Na yi linger tun bayan azahar, na fita na rufe laftof, yanzu an idar da isha'i har yanzu Up to Date yake nunawa, hotunan amarya duk sun sauka. Allah ya saka da alheri Malama. Fstab ɗin ne nake ɗan tsoro, UUID (lambar shaidar disk ɗin) zan saka ko /dev/sda1?