Wai Dreamcast aka fi zalunta a tarihin gem?

Na Sega: Jama'a zan faɗi magana ɗaya, wanda zai ji haushi ya ji. A duk na'urorin gem da aka taɓa yi babu wadda aka zalunta kamar Dreamcast ta kamfanin Sega. Ta fito a Jafan ƙarshen 1998, ta shiga Amurka ranar 9/9/1999 a kan dala 199, da modem ɗinta a jiki kana iya buga gem da wani ta intanet tun lokacin da mutane da yawa ko imel ba su buɗe ba, amma a Maris 2001 aka daina ƙera ta. Ko shekara uku ba ta cika ba fa. Kuma ba don an fi ta ba wlh, tallan Sony ne kawai ya kashe ta.

Dogo: An fara. Duk wata sai ka kawo mana makokin nan

Na Sega: To ka musa mana in ƙarya ne

Dogo: Ba sai na yi nisa ba mutumina. PS2, wato PlayStation 2 ta Sony, an sayar da sama da miliyan 155, Dreamcast miliyan 9 da ɗan kai. Talla kaɗai ba ya kawo irin wannan tazarar. PS2 tana cin DVD, ita kuwa taku ko fim ɗaya ba za ta nuna maka ba, a shekarar 2000 kuma na'urar DVD tsada gare ta, mutum zai sayi abu ɗaya dala 299 ya samu gem ya samu abin kallo, ga shi tana cin tsofaffin faifan PS1 da yake da su jibge. Wa zai bar wannan?

Na Sega: Ai maganar kenan! Abin kallon fim mutane suka saya ba gem ba. Ka duba abin da PS2 ta fito da shi a watanninta na farko ka haɗa da abin da ke kan Dreamcast a lokacin, Soulcalibur wanda ya fi na akwatin arcade ɗin kyau, Crazy Taxi, Jet Set Radio, Shenmue, Phantasy Star Online. Mutane sun ƙi sayen abin da ke gabansu suna jiran abin da aka yi musu alkawari

Injiniya: Na Sega ina tare da kai a kan ingancin na'urar, amma ka bar ɗora wa Sony laifi, Sega su suka kashe kansu tun kafin a haifi Dreamcast. Ka lissafa na'urorin da suka yi kafin ita, Sega CD, sai 32X a ƙarshen 1994 wadda ake cusa wa a saman Mega Drive, mutane suka zuba kuɗi aka yi mata wasanni kamar 40 aka watsar, sai Saturn a watan Mayun 1995. Ita Saturn ɗin ma yadda suka fito da ita abin dariya ne, an sanar da cewa sai Satumba, kawai a E3, taron baje kolin gem, suka ce ai tana kasuwa yau ɗin nan dala 399, shagunan da ba a kai wa kaya ba suka fusata, masu haɗa wasanni ba su shirya ba. A taron dai mutumin Sony ya hau mumbari ya ce 299, wato farashin PlayStation ɗinsu, ya sauka abinsa. To wanda ka ƙona sau uku a jere da wane ido zai kalli ta huɗu?

Dogo: Allah ya biya ka Injiniya

Injiniya: Kar ka yi saurin murna kai ma, akwai naka a gaba

Na Sega: Amma ranar farko a Amurka sun sayar da sama da 225,000, kusan dala miliyan 98 cikin awa 24. Ina ƙonewar take a nan?

Injiniya: Masoya ne suka yi layi, ku kenan. Bayan ku sai wa? Kamfanin wasanni na EA sun ƙi yi mata ko wasa ɗaya, ba FIFA ba Madden. Square ba su zo ba, ba Final Fantasy kenan. Kuma aljihun Sega ya riga ya huje, Shenmue kaɗai mai shi Yu Suzuki ya ce ya ci wajen dala miliyan 47, a kan na'urar da masu ita ba su kai miliyan 10 ba, ta ina kuɗin zai dawo dan Allah

Autan Gida: Yayye ni fa na ji an ce satar faifai ce ta kashe ta, wai CD na banza ake ƙonawa ta ci

Injiniya: Da gaskiya a ciki Auta. Faifanta GD-ROM ne mai ɗaukar kusan 1GB, an yi shi ne ma don kar a kwafa, sai ga shi sun bar wata ƙofa ta wani nau'in faifan waƙa da ake ce wa MIL-CD, masu kutse suka bi ta nan. Ba sai an buɗe ta an saka cif ba kamar PS1, ka ƙona ka saka kawai. Kamfani kuma a kan faifai yake cin riba, na'urar kanta da asara ake sayarwa

Dogo: Wannan hujjar ban yarda da ita ba. Wace na'ura aka kwafa wa faifai kamar PS1? Kuma ta wuce miliyan 100. In da satar faifai na kashe na'ura da ita za ta fara mutuwa

Injiniya: Sony na da telebijin da rediyo da fim da waƙa da za su toshe ramin, Sega me gare su banda gem

Yar Nintendo: Ku dai kuna ta jan magana a kan wa ya kashe ta, ni inda na tsaya daban ne. Ta yaya abin da kowa ke yabo zai zama wanda aka zalunta? Duk inda aka tayar da zancen nan sunan farko da za ka ji Dreamcast, shekara sama da ashirin ana mata kuka, ai ta samu haƙƙinta har da ƙari. Kuma tunda ba wanda zai faɗa bari ni in faɗa, hannunta, wato abin da ake riƙewa a buga, bai yi ba. Analog ɗaya tal, wayar kuma ta ƙasa take fitowa ta wajen cikinka sai ka lanƙwasa ta ka maƙale a baya

Na Sega: Hajiya kin taɓa riƙe VMU kuwa? Memori ne fa mai sikirin ɗinsa, kina buga Code Veronica lafiyar jikinki na nunawa a cikin hannun ba sai kin buɗe menu ba, a NFL 2K ka zaɓi dabararka a ɓoye na kusa da kai bai gani ba, in ka tashi ka zare shi ka tafi da ɗan Chao ɗinka, ƴar halittar nan ta wasan Sonic, kana renonsa a aljihu

Yar Nintendo: Na riƙe. Na kuma san ƙarar da yake yi in batirin ya mutu, kana kunna na'urar ya saki tsiiiit kamar an taka mage, kuma kullum a mace yake

Dogo: Hahaha wlh ba ƙarya

Yar Nintendo: Wadda aka zalunta da gaske Wii U ce ta Nintendo. Ta fito 2012, miliyan 13.56 kacal ta yi bayan Wii ta haura miliyan 100, har yau dariya ake mata ba mai mata kuka. Mutane da yawa sun ɗauka wani sabon hannu ne da ake haɗawa da tsohuwar Wii saboda sunan da kuma yadda tallan ya dinga nuna GamePad, hannunta mai sikirin, kawai. To amma Mario Kart 8 a ina aka haife shi? Wii U, 2014. Aka ɗauko shi aka ɗora a Switch aka ƙara masa Deluxe ya wuce kwafi miliyan 60. Splatoon a nan ya fara, Mario Maker a nan, Breath of the Wild ma don ita aka fara haɗa shi. Wasannin da aka raina a kanta su ake wa tafi a Switch

Dogo: Kin kashe kanki da hujjarki ranki ya daɗe. In wasa ɗaya ya ƙi sayuwa a nan ya sayu a can, ai na'urar ce matsalar. GamePad ɗin da batirinsa bai fi awa uku zuwa biyar ba, kuma ba ka isa ka yi nisa da shi ba sai ya yanke

Yar Nintendo: Ba don ita ba da ba a san hanyar Switch ba

Dogo: Gwaji kenan, ba zalunci ba

Baba Katrij: Salamu alaikum yara. Na karanta duk abin da kuka rubuta, duk cikinku ba wanda ya ambaci PC Engine, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna wa aka manta. NEC da Hudson Soft suka yi ta a 1987 a Jafan. Yar fara ce ƙarama, za ka ɗora ta a tafin hannu, wasanninta kuma ba katrij mai ƙiba ba ne, kati ne siriri kamar na banki ana ce masa HuCard, ka zura shi a gaba ka tura makunnin, makunnin ne ma ke kulle katin kar ya fita. Ita ce ta fara samun abin cin CD a cikin na'urorin gem na gida, 1988, shekara shida kafin PlayStation ta Sony ta fito. A Jafan ta fi Mega Drive kasuwa. Da aka kai ta Amurka 1989 sai aka canza mata suna TurboGrafx-16, aka ƙara mata girma aka yi ta baƙa wai su can ba sa son ƙaramin abu, wannan gyare-gyaren ya ci lokaci har Genesis, wato Mega Drive a sunanta na Amurka, ta riga ta shiga kasuwa da kamar sati biyu. Mafi yawan wasanninta masu kyau a Jafan suka tsaya, Rondo of Blood na Castlevania da ya fito 1993 sai bayan shekaru masu yawa mutanen waje suka same shi a hukumance

Autan Gida: Baba wlh yau na fara jin sunanta

Baba Katrij: Ka ga shaida ta

Na Sega: Allah ya ƙara girma Baba, amma da gyara. Ramin hannu ɗaya gare ta, in kana so ku buga ku biyu sai ka sayi wani abin haɗi daban. Kuma sun rubuta 16 a suna alhali ƙwaƙwalwarta 8-bit ce, ɓangaren hoto ne kawai 16

Baba Katrij: Abin haɗin da kake rainawa mutum biyar yake ɗauka yaro, Bomberman mu biyar a lokaci ɗaya. Zancen bit kuma ka bar shi, Atari Jaguar 64 suka rubuta a 1993, ina take?

Injiniya: Baba ya gama da kai a nan 😂 Dogo na ce akwai naka. Kai da kake kare Sony, me suka yi wa Vita, na'urarsu ta hannu? Sikirin OLED inci 5 a 2011, analog biyu a na'urar hannu, Uncharted a aljihu, Persona 4 Golden, Gravity Rush. Sai suka ƙi saka mata microSD irin na kowa suka ƙirƙiro memori nasu mai tsadar tsiya, ga shi ta farkon ba ta da ma'aji a ciki, wasanni da yawa ba za su ma tashi ba sai ka saya. Bayan ƴan shekaru manyan situdiyonsu suka koma PS4 suka bar ta a hannun ƙananan kamfanoni da na Jafan

Dogo: Vita waya ce ta cinye ta, lokacin kowa ya koma gem a waya

Injiniya: 3DS, na'urar hannu ta Nintendo, ba a zamanin wayar ta yi miliyan 75 ba? Monster Hunter da ya ɗaga PSP, yayar Vita, a Jafan can ya koma

Dogo: To naji, amma ka lura duk wadda kuka kawo masu ita ne suka yi mata illa. Sega da 32X, Nintendo da suna, NEC da jinkiri, Sony da memori. Ba mai saye ba ne ya yi zalunci, shi kuɗinsa ya duba

Na Sega: A'a kar ka haɗa su. Sauran kuskure aka yi a kansu, Dreamcast kuwa ita kanta ba a yi kuskure a fitowarta ba, farashi daidai, wasanni 18 ko fi a ranar farko a Amurka, sauƙin haɗa mata wasa ba kamar Saturn mai ƙwaƙwalwa biyu da ta wahalar da kowa ba. Laifin yayyenta aka kama ta da shi, wannan shi ne zalunci

Yar Nintendo: Ba DVD, ba analog na biyu, faifai a buɗe, ka ce ba kuskure?

Na Sega: GameCube ɗinku tana cin DVD ne?

Yar Nintendo: Ba ta ci, shi ya sa ta tsaya a miliyan 21.7 ai, amma ni ban zo nan ina cewa Sony sun yi mata asiri ba

Admin: Ya isa haka, kun cika min waya da saƙo. Zan saka ƙuri'a, Dreamcast, Wii U, PC Engine, Vita. Kowa sau ɗaya

Injiniya: Oga ka ƙara Saturn, ba mu ma taɓa Panzer Dragoon Saga da katrij ɗin 4MB na X-Men vs Street Fighter ba

Baba Katrij: Ƙuri'ar nan ba adalci, yaran da ba su san PC Engine ba ta ina za su zaɓe ta

Autan Gida: Ni a saka min Virtual Boy

Admin: Auta ja da baƙi kawai take nunawa, ko miliyan ɗaya ba ta sayar ba, mutane ciwon kai suka dinga yi. Ka sake kawo ta in cire ka

Na Sega: Oga kafin ka buɗe ka bari in turo bidiyon Soulcalibur tukuna, rabin masu zaɓen nan ba su taɓa ganin tana aiki ba