Ruwa ya ci gonata, yarona ya rasu, ana ce min darasi Allah yake koya min

ɗan_fadama:
Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Na daɗe ina son yin tambayar nan amma a majami'armu ba zan iya ba, mu 'yan kaɗan ne kowa ya san kowa. Ni manomi ne a wani ƙauye ta wajen Haɗeja. Damunar 2022 na ci bashin taki da kuɗin 'yan ƙwadago na zuba a shinkafa, saura kamar sati uku a yanke ruwa ya zo da daddare ya shanye fadamar kaf, ko tiya ɗaya ban ɗauka ba. Ban gama farfaɗowa ba aka shiga wahalar canjin kuɗi farkon 2023, a lokacin ne yarona na biyu ya kwanta da zazzaɓi, ga tunkiya na kai kasuwa ba mai tsabar kuɗin saya, kafin in haɗa na mashin mu kai shi asibiti an ce jininsa ya ƙare. Shekararsa huɗu.
Tun daga nan kowa da abin da yake faɗa min. Baffana da har yanzu yake kan al'adar gida ya ce tunda muka daina yanka a gindin tsamiya ai dole mu gani. Wani ɗan'uwa a coci ya ce in binciki kaina ko akwai zunubin da ban furta ba, ko ina taɓa zakka. Fasto kuma ya karanta min Romawa 5, inda aka ce wahala tana kawo jimiri, jimiri ya kawo hali na gari, shi kuma ya kawo bege. Ban musa Maganar Allah ba amma ni dai ban ga jimirin ba, abin da na gani shi ne na kasa addu'a, in na durƙusa sai bakina ya yi nauyi. Sujada ma don kar matata ta karaya nake zuwa. Dan Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa min, girman nan cikin bangaskiya da ake cewa yaushe yake zuwa, ko ni ne na lalace?

matashi_TW:
Yaya ka yi haƙuri, ka tuna Ayuba komai ya rasa amma daga baya Allah ya ninka masa biyu. Ka riƙe Yakubu 1:2 ka ƙara azumi, naka ninkin na nan tafe.

Tsohon_mai_bishara:
Ɗana sannu, Ubangiji ya ta'azantar da kai da mai ɗakinka. Bari in fara da wanda ya ce maka zunubi ne. Ka buɗe Yohanna 9, almajirai sun ga wanda aka haifa makaho suka tambayi Yesu wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa, ya ce ba shi ba ne ba kuma iyayen ba. Ambaliyar shekarar nan ai ba gonarka kaɗai ta nema ba, daga Ringim har Auyo da Kafin Hausa ta ci ta mai zakka da ta marar zakka, ta Kirista da ta Musulmi. Ka sauke wannan kayan, ba naka ba ne.
Kai kuma matashi, na san da zuciya ɗaya ka faɗa, amma ka sake duba Ayuban. Tumaki da raƙuma da shanu ne aka ninka, 'ya'ya goma ya binne goma aka sake ba shi, kuma duk wanda ya taɓa binne ɗa ya san na baya ba ya cike gurbin na farko. Abokan Ayuba su uku kwana bakwai suka zauna da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, a nan ne kawai suka yi daidai, da suka buɗe baki suna nemo masa dalili a ƙarshen littafin Allah da kansa ya yi fushi da su.
Mahaifina kuturta ce ta kai shi Yadakunya, asibitin kutare da ke kusa da Kano, zamanin da turawan mishan na SIM suke kula da wurin. Danginsa sun ware masa ƙwarya da tabarma kafin ya tafi. A can ya koyi karatu, a can ya ji bishara, ya dawo yatsu ba cikakku ba yana buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, tsohon juyin nan na 1932, da gefen hannu. Ban taɓa jin ya ce kuturta alheri ce ba, ya tsane ta har ya mutu. Abin da yake cewa shi ne a wurin da kowa ya guje shi a nan Yesu ya same shi. Shekaru ya yi kafin ya iya faɗin haka, ba wata shida ba, ba shekara biyu ba. To kai ma kar kowa ya sa maka agogo.
Batun addu'a, in bakinka ya yi nauyi ka ari bakin masu Zabura. Ka karanta ta 13, ka karanta ta 88 wadda har ta ƙare ba a ga haske ba, a duhu ta tsaya, kuma Allah ya bar ta cikin Littafinsa. Ƙorafi a gaban Allah addu'a ce ɗana.

Maman_Sumaila:
Ƙanena na karanta naka sai da na ajiye waya na yi kuka. Ni maigidana ne ya rasu ya bar min yara biyar, 'yan'uwansa suka karɓe gonar wai mace ba ta gadon ƙasa, na koma aikatau da sussukar dawa a gonakin mutane. Kusan shekara ɗaya in an ta da waƙa a Zumuntar Mata bakina kawai nake motsawa, haushin Allah nake ji sosai ba zan ɓoye ba. Ba wata aya ce ta ɗaga ni rana ɗaya ba, matan nan ne, wannan ta kawo tiyar gero waccan ta zo ta taya ni daka, wata tsohuwa kullum da yamma sai ta zo ta zauna a tabarmata tana gyaran zogale ba ta ce min komai, haka har na fara magana da kaina.
Ni ban san na canza ba sai ranar da maƙwabciyata Musulma ta rasa jaririnta, na ga ƙafata ta kai ni gidan tun kafin a fita da gawa, na zauna kusa da ita kuma na san abin da ba a faɗa wa mai irin wannan ciwon. Da can da wa'azin haƙuri zan cika ta. Bulus ya faɗi wannan a farkon 2 Korintiyawa, ta'aziyyar da aka yi mana ita muke kai wa wasu. Da za a ba ni zaɓi mijina zan ɗauka in bar wannan sanin, gaskiya ke nan, amma tunda ba a ba ni ba ga abin da ya tsiro a wurin.
Kuma dan Allah ka daina ɓoye wa matarka. Kana cewa don ita kake zuwa sujada, ka sani ko ita ma don kai take zuwa? Ku zauna ku ambaci sunan yaron, ku yi kukan tare.

matashi_TW:
Baba na karɓi gyara. Yaya ka yafe min na yi gaggawa.

ɗan_fadama:
Ba komai ƙanena. Baba na gode, na karanta Zabura 88 jiya bayan yara sun yi barci, sau uku na maimaita, ban san akwai irin wannan a ciki ba. Mama maganarki ta same ni, na tambayi mai ɗakina kamar yadda kika ce, ta daɗe ba ta amsa ba sannan ta tashi ta buɗe akwati ta fito da 'yar rigarsa ta Kirsimeti, ashe tun lokacin tana nan a ƙasan kayanta, in na tafi gona take ɗaukowa. Mun kai tsakar dare a zaune. Addu'ar dai har yanzu ba ta fito sosai ba, ita ce ta yi ni na ce amin. Bashin taki saura kaɗan in gama biya, bana gero da wake na sa a tudu, shinkafar rabin fadama kawai na yi. Ku sa mu a addu'a ranar Lahadi.