Shin "thou" kalmar girmamawa ce a Turanci?

Nura: Assalamu alaikum. Jiya na faɗa wa ɗalibaina cewa a tsohon Turanci "thou" ita ce ta girmamawa, "you" kuma ta kowa da kowa. Hujjata ita ce fassarar Alƙur'ani ta Pickthall ta 1930, inda aka kira Allah da "Thee" (wata siga ta "thou") a Fatiha. Wa ya fi Shi cancantar girma?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Nura, ka juya zancen. "Thou" ta mutum ɗaya ce, kamar "kai" ko "ke". "Ye" da "you" na jama'a ne, kamar "ku". Wajen ƙarni na 13 mutanen Ingila suka fara kiran babba da kalmar jama'a, suna koyi da Faransanci. Daga nan "thou" ta zama ta yara da barori da aminai. Har zagi ake yi da ita: a shari'ar Walter Raleigh a 1603, mai gabatar da ƙara Edward Coke ya kira shi da "thou" da gangan don ya wulaƙanta shi.

Nura: To Malam, yaya za a yi wa Ubangiji magana da kalmar barori?

Hajiya Binta: Ɗana, saurari Hausarka. In na gai da surukina, "kun tashi lafiya?" nake cewa. In kuwa na ɗaga hannu, "Allah Ka gafarta mini" nake cewa. Ban taɓa ce Masa "Ku" ba, domin Shi ɗaya ne.

Isuhu: Haka yake a nan Damagaram, Hajiya. A Faransanci ɗan makaranta ba ya ce wa malaminsa "tu" (kai), sai "vous" (ku).

Malam Habu: Madalla. Su ma masu fassarar Littafi Mai Tsarki na 1611, zamanin Sarki James, sun riƙe "thou" ne don bambanta tilo da jam'i kamar yadda yake a Ibrananci da Girkanci. Da ta fita daga bakin jama'a, sai ta saura a addu'a da waƙa, shi ya sa kake jin nauyinta.

Nura: Tarihin na karɓa. Amma ni ba na koyar da mutanen 1603. Duk wanda ya ji "thou" a yau, wurin ibada yake tunawa. Ma'anar kalma ai tana wajen masu jin ta.

Hajiya Binta: Nan kam ina bayanka.

Malam Habu: Ni ma ban ƙi ba, sai dai kai "tsohon Turanci" ka ce musu. Ɗalibin da ya tarar da saurayi yana ce wa dattijo "thou" a tsohon wasan kwaikwayo zai ɗauka ladabi ne, alhali raini ne. Ka koma ka ba su ma'anonin biyu, kowace da zamaninta.

Nura: Gobe in sha Allah zan gyara, kuma da misalin Hajiya zan fara.