Dattawa masu motsa jiki: wa ya ga canji a kitsen cikinsa?

Malam na Gwale

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 63, na yi ritaya daga koyarwa shekara uku ke nan. Ni dai ban taɓa yin ƙiba ba. Na buga ƙwallo har na kusa hamsin, da damina ina gona, kuma har gobe ina ɗaga buhun taki ba tare da an kama mini ba. Nauyina ya daɗe a kan kilo 74.

Bara wani ciwo a gefen ciki ya kai ni asibiti. Aka yi mini hoton ciki, ciwon bai zama wani abu ba, amma mai ɗaukar hoton ya ce hantata ta fara tara kitse. Likita ya zagaya mini abin awo daidai cibiya, ya ga inci 39. Ya ce mutum mai tsawona bai kamata ya wuce 34 ba. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin a unguwarmu ni ake nunawa idan ana zancen dattijo mai ƙarfi.

Daga nan na fara tafiya da sauri bayan sallar asuba, minti 45, kwana biyar a mako. Da na yi wata biyu sai na riƙa haɗawa da sassarfa. Yau wata bakwai. Sikeli ya ce kilo 73, wato kusan babu abin da ya ragu, amma ƙuguna ya dawo inci 36 da rabi, har tela ya rage mini wanduna uku. Ina so in ji daga waɗanda suka haura sittin kuma jikinsu da sauran ƙarfi: kun ga irin wannan? Ina kitsen ya tafi tunda nauyi bai sauka ba?

Tsohon Mahauci

Wa alaikumus salam Malam. Ni ban yi boko ba, jikana ne ke rubuta mini, amma na shekara arba'in da wani abu ina feɗe dabba, don haka abin da likita ya gaya maka na sha ganinsa da idona.

Kitse iri biyu ne. Akwai na ƙarƙashin fata, wanda kana cire fata za ka gan shi. Akwai kuma na can ciki, mai kama da raga, wanda ya lulluɓe tumbi da hanji, da wanda ya dunƙule a kan ƙoda. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen fiɗar ragon layya ya san shi. To ragon da aka turke wata uku ana ɗura masa dusa da harawa, idan ka buɗe shi sai ka yi ta tone kafin ka ga ƙodar. Saniyar da ta sha tafiya a daji kuwa, ko da ta cika ido, cikinta fes yake, nama ne ja. Kuma wallahi ba kullum ake ganewa daga waje ba. Na sha sayen dabba ina ganin ba ta da kitse, in buɗe in tarar da shi dam.

Ni kaina da na bar zuwa mayanka na koma zaman rumfa, ciki ya fito mini cikin shekara biyu. Yanzu da ƙafa nake zuwa kasuwa in dawo, kusan awa ɗaya da rabi ke nan kullum, kuma ya koma.

Ritaya Kaduna

Malam, labarinka kamar nawa. Ina da 67, na yi aikin soja. Bayan na ajiye kaki na yi shekara huɗu ba na gudu, amma ban bar motsa jikin ƙarfi ba: kwanta-tashi ɗari kowace safiya, ga ƙarfe ina ɗagawa a tsakar gida. Damtsena kamar dutse. Cikina ya fito, amma da tauri kamar ganga, ko matsa shi ka yi ba za ka kamo komai ba. Saboda haka na ɗauka tsoka ce. Sai da sukarina ya hau aka fahimtar da ni cewa cikin da ya yi tauri haka, kitsen a bayan tsoka yake, shi ne yake turo ta waje.

Na koma gudu a Dandalin Murtala, a hankali, zagaye kaɗan. Cikin wata biyar bel ɗina ya koma rami biyu, awon sukari na safe ya sauko, likita ya rage mini magani.

Abin da nake so ku riƙe shi ne abin da ya biyo baya. Zazzaɓi ya kwantar da ni, daga nan tafiya ta taso, sai hunturu ya shigo na riƙa cewa gobe. Wata uku ban fita ba. Rami biyun nan duka suka dawo. Yadda ya yi saurin tafiya, haka ya yi saurin dawowa.

Likitan Zariya

Ranku ya daɗe iyayena. Ni ne ƙarami a cikinku, shekarata 58, ina aikin likita kuma ina gudu, don haka zan faɗi abin da na sani da abin da na gani a jikina.

Baba Mahauci ya riga ya yi rabin bayanin. Abin da ya sa muke tsoron kitsen ciki fiye da na cinya ko na ƙarƙashin fata shi ne wurin da yake. Jinin da ke fitowa daga yankin hanji hanta yake nufa kai tsaye, don haka abin da wannan kitse ya saki hanta ce ke fara karɓa. Daga nan ake samun hanta mai kitse, jiki ya daina jin insulin, wato sinadarin da ke saukar da sukarin jini, yadda ya kamata, sai ciwon sukari, hawan jini da ciwon zuciya su samu ƙofa. Namiji kuma da ma a ciki yake ajiye kitse. Idan shekaru suka ja, sinadarin maza da ake kira testosteron yana raguwa, tsoka tana zubewa a hankali, kitse yana maye gurbinta. Shi ya sa sikeli zai iya tsayawa wuri ɗaya shekara goma alhali abin da ke cikin jikin ya sauya.

Abin farin ciki, wannan kitse yana saurin amsa kira idan aka daɗe ana motsi, ya fi na ƙarƙashin fata saurin narkewa. A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Queen's da ke Kanada sun sa wasu maza masu ƙiba motsa jiki na wata uku, suka kuma ƙara musu abinci da gangan don kada nauyinsu ya sauka. Nauyin bai sauka ba, amma kitsen ciki ya ragu. Wannan ita ce amsar tambayarka Malam. A 2005 kuma Jami'ar Duke a Amurka ta fitar da wani bincike: waɗanda aka bari ba sa motsa jiki, kitsen cikinsu ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100 a wata shida. Masu yin kimanin kilomita 19 a mako sun hana shi ƙaruwa, masu sassarfar kimanin kilomita 32 a mako kuwa nasu ya ragu da kusan kashi 7. Sai dai mutanen da aka yi binciken da su masu ƙiba ne marasa motsa jiki, 'yan shekara 40 zuwa 65. Dattijon da da ma yake da ƙarfi kada ya sa ran canji mai yawa da ɗan ƙaramin ƙoƙari.

Wani abu da ke burge ni shi ne 'yan kokawar sumo na Japan. Da aka yi musu hoton cikin jiki na CT, an tarar duk girman nan nasu yawancin kitsen a ƙarƙashin fata yake, na ciki kaɗan ne, saboda horon da suke sha kullum. Idan suka bar wasa ba su rage ci ba, a nan ciwon sukari ke samunsu. Yallaɓai na Kaduna, ka ga abin da ya faru da kai ke nan.

Awo mai sauƙi: ƙugu kada ya kai rabin tsawonka. Ga maza, daga santimita 94, wato inci 37, an fara shiga haɗari, daga 102, wato inci 40, haɗarin ya yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin wanda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba.

Mai Keke daga Damagaram

Gaisuwa gare ku. Ina da 65. Gwiwata ba ta son gudu, keke nake hawa, awa ɗaya, kwana huɗu a mako. Daga santimita 99 na sauko 92 cikin shekara guda. A wurinmu zafi ne matsala. Da bazara in rana ta ɗaga kaɗan ba a fita, don haka ina idar da asuba nake kama hanya da gorar ruwa biyu. Da azumi nakan mayar da shi bayan tarawi, in rage zuwa rabin awa.

Hajiya Uwargida

Ku yi haƙuri na shigo zancen maza, amma ni ce mai dafa abincin. Maigidana yana da 70, ya yi wata shida yana tattaki kowace safiya, ko inci ɗaya bai ragu ba, har ya fara cewa abin duk zance ne. Ni kuwa ina gani. In ya dawo yunwa yake ji, sai masa shida da shayi mai kauri, cokali uku na sukari. Da rana lemon kwalba mai sanyi, wai ya sha rana. Da dare tsire.

Ban hana shi tuwonsa ba. Lemon kawai muka cire, sukarin shayi ya koma rabin cokali, tsire ya koma ranar Juma'a. Da tattakin da wannan, wata huɗu ya sauke inci biyu. Likita, na ji bayaninka na mutanen Kanada, amma su an auna musu abin da suke ci. A gidajenmu babu mai aunawa.

Likitan Zariya

Gaskiyarki Hajiya, ban da abin cewa. Abin sha mai zaƙi yana daga cikin abubuwan da suka fi ɗora wa hanta kitse, kuma kwalba ɗaya tana iya cinye wahalar tafiyar rabin awa.

Alhaji na Sakkwato

Ni nawa bai zo da daɗi ba, kuma ina ganin ya kamata a ji. Ina da 69. Na ga abokina ya rage ciki, sai na fara gudu kai tsaye a kan kwalta, kullum, ba hutu, ga rage abinci sosai. Ciki ya faɗa, ba ƙarya. Amma cinyoyina ma suka zube, gwiwar dama ta kumbura, har ta kai na yi wata biyu ina sallah a kan kujera. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Yanzu tafiya nake yi a kan ƙasa, kwana huɗu, da takalmi mai taushi, kuma na koma cin wake, ƙwai da kifi yadda ya kamata.

Likitan Zariya

Allah ya ƙara sauƙi Baba. Dattijo ba ya wasa da tsokarsa, ita ke tashinsa daga sujada. Shi ya sa shawarar Hukumar Lafiya ta haɗa da motsin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, waɗanda suka kai 65 kuma su ƙara da atisayen daidaita tsayuwa don gudun faɗuwa. Tashi da zama daga kujera sau goma, a huta, a maimaita, ya isa farawa. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya ga likitansa kafin ya fara, musamman mai shan maganin da ke saukar da sukari. Wanda ya ji nauyi a ƙirji, jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da yadda ya saba, ya tsaya nan take ya nufi asibiti.

Malam na Gwale

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Mahauci, tun da na karanta naka nake tuna ragon Sallar bara. Hajiya, nima cokali uku nake sakawa, daga gobe zan koma ɗaya. Alhaji, zan bar kwalta in koma filin makarantar da ke bayan gidanmu, in kuma ƙara da tashi da zaman nan ranar Litinin da Alhamis. An ba ni ranar sake hoton hanta nan da wata biyar. In Allah ya kai mu zan dawo in faɗa muku abin da aka gani, da abin da tela ya auna.